Baƙin Ƙarfe

Ranar farko Mushe Alzuma ya tare ƙofa da jikinsa,
ya miƙo mana gwangwanin madara.
"Zobe a nan, agogo a nan.
Kai mai silifa, je ka sako takalmin da ke rufe yatsu.
Sahiya, cusa bakin mayafinki cikin rigar aiki,
injin bai san kunya ba,
abin da ya yi reto shi yake ja."

Na yi dariyar ciki.
Ni Zabeiru, jikan maƙeran Tamaske,
da aka yaye ni a gindin zugazugi?
Na ce, "Mushe, wuta ba ta cin ɗan gidanmu."
Bai ko ɗago kai ba.
"Wutar gidanku tana hayaƙi, tana ja, tana sallama.
Ta nan kwance take cikin waya
kamar kububuwa cikin rairayi."

Ya kai mu ga jan maɓalli, kowa ya taɓa da hannunsa.
Ya nuna tulun kashe gobara, ya nuna ƙofar baya.
Ya ce in kuran ya ɗauke, a kashe injin tukuna,
barci yake, bai mutu ba.
Na rubuta a littafi.
A littafi kawai na rubuta.

Watan huɗu, bayan azahar,
Tawa na tafasa har duwatsunta na wari.
Zufa ta cika tabarau, na ture shi bisa goshi.
Ina feƙe sandar ƙarfe, tana zubar da ɓawo
kamar ana feraye rogo,
sai kuran ya ɗauke.
Fanka ta yi juyi uku ta tsaya.
Na soka lakile a bakin injin in kwance sandata,
wani ya leƙo ya ce shayi ya nuna,
na fita.

Kofi bai kai bakina ba
fanka ta motsa.

Ƙara ɗaya ce. Ƙwal.
Sannan shiru irin na bayan sallame salla.

Sahiya na tsaye jikin kabad, alƙalami a hannunta.
Taƙi guda daga kunnenta
ƙofar kabad ta lotsa,
lakile na ƙasa yana ta juyi, yana ta juyi,
kamar bai ƙoshi ba.

Na jira zagi, zagi bai zo ba.
Mushe ya danna jan maɓalli,
ya duba kunnen Sahiya, ya ba ta ruwa,
ya ɗauki alli ya zagaye lotsawar,
ya rubuta kwanan wata.
Bai rubuta suna ba.
Da ya rubuta, da ya fi mini sauƙi.

Ran hutu na tarar da Baba a maƙera.
Ban ɓoye masa kome ba.
Ya daɗe yana juya gawayi,
sannan ya nuna haɓar garma da ke gefen uwar maƙera,
baƙa wuluk, kamar ta kwana a nan.
"Ɗauko."
Na kai hannu, ya buge shi da awartaki.
Ya ɗiga mata ruwa, ta yi tsaki.
"Ja ba ya ƙona maƙeri, kowa na ganinsa.
Baƙin ne ke cin yatsu.
Ka zaci laya ce ta tsare mu shekarun nan?
Tsoro ne, yaro. Tsoro muka gada."

Bana ni ke riƙe gwangwani a ƙofa.
Allin ya dushe, na sake zagaye shi.
Sababbi na tambaya, wa ya yi wannan?
Sahiya takan dube ni, ta ci gaba da awonta.
Nakan ce, ni ne,
ku sauko da tabarau bisa ido,
ku zo in nuna muku inda lakile ke kwana.